Mai wayarin ya ƙi taɓa wayar da na sayo, gaskiya ce ko haushin la'ada?

Sabon Magidanci:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun jiya wani abu ke cina, na ce bari in kawo shi gaban masu sani. Ina ɗan gini, ciki biyu da falo da kicin. An binne bututu, an gama filasta, saura jan waya. Mai aikin ya rubuta mini kaya, da na ga kuɗin na ce a'a, bari in shiga kasuwa da ƙafata. Na samu waya mai lamba 2.5 a kusan rabin kuɗin da ya rubuta, na ɗauko naɗi uku ina ta murna.

Da na kawo, bawan Allahn nan ya ɗaga naɗi ɗaya ya jinjina, ko ledar bai yage ba, ya ce shi ba zai sa wannan a gidan da mutane za su kwana ba. Wai ba jan ƙarfe ba ce. Na fere bakinta na nuna masa, ja ce jawur. Ya ce ko ta fi manja ja, in nemi wani ya ja mini ita. To don Allah gaskiya yake faɗa, ko haushi yake ji na hana shi cin riba? Waya ba waya ba ce?

Mai Shagon Lantarki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka bari a ɗaga maka hankali. Mu da muke shago mun san halin wasunsu. In shi ya zo saye yana da kasonsa, in kai ka zo da kanka sai kayan su zama marasa kyau. Kuma ko da alminiyam ce a ciki, sai me? Ɗaga kanka ka dubi wayoyin da ke kan falwaya a unguwarku. Duk alminiyam ne, su ne ke ɗauke da wutar unguwa gaba ɗaya. In sun iya ɗaukar unguwa, ciki biyu da falo ne zai gagare su?

Tsohon Mai Wayarin:
Mai shago, maganar la'ada ban musa maka ba, akwai masu yi a cikinmu, kuma da ku ake haɗa baki a yi. Amma mu ajiye wannan. Yaron nan da ya jinjina naɗin ya ƙi, wanda ya koya masa aiki ya koya masa da kyau.

Ɗana mai gini, ga abin da hannunsa ya gaya masa. Jan ƙarfe, wanda 'yan gwangwan ke ce wa kofa, yana da nauyi, ya ninka alminiyam fiye da sau uku. Waya 2.5 mai tsawon mita 100, jan ƙarfen da ke cikinta kaɗai ya haura kilo biyu, ban da robar da aka lulluɓe ta da ita. In alminiyam ce, ƙarfen ko kilo ɗaya ba zai kai ba. Wanda ya saba ɗauka ba ya buƙatar sikeli.

Jan da ka gani kuwa fenti ne kawai, a ce. Alminiyam ake ɗaukowa a shafe shi da ɗan siririn jan ƙarfe ta waje. Ɗauki wuƙa ka kankare gefen silin, ko ka datse shi ka dubi tsakiyarsa a rana. In ka ga fari, ka samu amsarka. Ko ka kunna ashana ko laita a ƙarƙashin sili ɗaya: jan ƙarfe zai yi baƙi ya yi ja ya tsaya, wancan kuwa zai langaɓe ya sunkuya. Akwai ma wata iri da baƙin ƙarfe ne a ciki, ita maganaɗisu ke tona mata asiri.

Mai Shagon Lantarki:
Baba, da girmanka, ba ka amsa mini maganar falwaya ba.

Tsohon Mai Wayarin:
Ina zuwa, ai ba a cin tuwo da zafinsa a loma ɗaya. Na je sallah ne.

Alminiyam ba haram ba ne. Yana ɗaukar wuta, sai dai kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai ɗauka. A kan falwaya an san alminiyam ne, an yi lissafi da shi, an ƙara masa kauri, yana rataye a sarari iska na kaɗa shi, kuma rashin nauyinsa ma alheri ne don kada ya rinjayi falwayar. Wanda ke cikin ledar Alhaji kuwa an rubuta 2.5 ne don a ɗauka jan ƙarfe ne. Za a tura shi cikin bututu, a cikin bango, shi da 'yan'uwansa uku ko huɗu, ba iska ba komai, a watan Afrilu a Kano. Robar da ke jikin irin wayar nan an yi ta ne don zafin da bai wuce digiri 70 ba.

Kuma babbar matsalar ba a tsakiyar waya take ba, a bakin soket take, inda ake ɗaure ta da noti. Alminiyam yana da taushi. Ka ɗaure shi yau tamau, ya yi zafi ya kumbura, ya huce ya koma, bayan wata shida ka tarar notin ya yi sako-sako. Ga shi da ya sha iska sai ya yi wata 'yar fata da ba ta barin wuta ta wuce sosai. Inda aka samu sako-sako nan zafi ke taruwa, nan za ka fara jin warin roba. Duk soket ɗin da na taɓa cirewa ya yi baƙi, daga bakin noti ya fara.

Ɗalibar Fasaha:
Baba ya gama magana, sai dai in ƙara lissafin da aka koya mana, ko zai taimaka. Kowace waya tana ɗan tare wuta, ana auna wannan tarewar da om, sunan wani Bajamushe ne, Georg Ohm, da ya fitar da ƙa'idar a 1827. Waya 2.5 ta jan ƙarfe mai mita 100 tana ba da kusan om 0.74. Ta 1.5 tana ba da kusan 1.2. To alminiyam mai kaurin 2.5 shi ma kusan 1.2 yake bayarwa. Ma'ana, Yaya mai gini, in wayarka ta jabu ce, ka sayi 1.5 ne da rigar 2.5. Wayar fitila ce za ka sa wa dutsen guga da hita.

Abin da mai shago ya faɗa ma an taɓa gwada shi a Amurka. Daga wajen 1965 zuwa farkon shekarun 1970 jan ƙarfe ya yi tsada, aka riƙa yi wa gidaje wayarin da alminiyam, daga baya aka yi ta samun zafi da gobara a mahaɗar wayoyi, aka dawo daga rakiyarsa a ƙananan layukan cikin gida.

Sabon Magidanci:
Ƙanwata, a yi mini a hankali, ni tela ne. Mene ne bambancin 1.5 da 2.5 ɗin? Ni na ɗauka sunan kamfani ne ko lambar kaya.

Ɗalibar Fasaha:
Kaurin ƙarfen ne, Yaya, faɗin bakinsa in an datse. Kamar yadda allurar ɗinkin shadda ta bambanta da ta ɗinkin buhu. A al'ada 1.5 ta fitilu da fanka ce, 2.5 ta soket, 4 ko 6 ta manyan kaya kamar na'urar sanyaya ɗaki babba da hitar banɗaki da kukar lantarki, sai 10 ko 16 wadda ke shigo da wuta daga mita.

Ka tuna lungu ranar hawan sallah. Mutum goma za su wuce salin alin. Turo ɗari biyu cikin lungun nan, sai gumi da gogayya. Haka wuta take a siririyar waya. Abin tsoron shi ne zafin ba ya tafiya daidai da lodin: in ka ninka wutar da ke bi sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkuwa.

Mai Shagon Lantarki:
To na ji. Amma ku faɗi gaskiya, mutum nawa ne ke da kuɗin wayar ƙwarai a yau? Mu abin da mutane ke iya saye muke kawowa. Wanda ya ce a ba shi mai kyau muna da ita, ta gida ma, wadda aka yi a Najeriya mai tambarin SON, hukumar kula da ingancin kaya. Sai ka faɗi kuɗin ya juya baya ya tafi shagon gaba. Kuma ai akwai bireka. In wayar ta yi zafi bireka zai faɗi, shi ke nan.

Tsohon Mai Wayarin:
A nan ne ka yi kuskure babba, kuma kuskuren da ke ƙona shaguna ke nan. Bireka ba ya jin zafin waya. Ba shi da hanci a cikin bango. Abin da ya sani kawai yawan wutar da ke wucewa ta cikinsa, wadda ake aunawa da amfiya. In aka sa na amfiya 20 saboda an ɗauka wayar 2.5 ce ta gaske, wayar kuwa ƙarfinta na 1.5 ne, za ta yi ta dahuwa a amfiya 18 ko 19 shi yana zaune lafiya lau, don a wurinsa ba a karya doka ba. Bireka da waya tare ake aurar da su. Ƙaryar da aka yi a jikin leda ita ke raba auren.

Ban ce kada ka sayar da mai araha ba. Ka ce wa mutum alminiyam ce, ya san abin da ya saya.

Mai Gyaran Rediyo:
Salamu alaikum, daga Zariya. Tunda an zo kan bireka bari in sako ƙanensa, fis. Wallahi babu abin da ake wulaƙantawa a kayan wuta kamar fis. Ɗan abu ne da aka yi shi don ya mutu a madadin kayanka. Siririn ƙarfe ne da aka auna, in wuta ta wuce ƙima ya narke, layi ya yanke. To sai ya yi aikinsa, maimakon a tambayi me ya kashe shi, sai a samo silin waya a naɗa, ko takardar sigari mai ƙyalli, na ma taɓa ganin ƙusa. Daga ranar ba fis a gidan, wayar bango ce ta zama fis.

Filogin nan namu mai ƙafa uku, irin na Ingila, akwai fis a cikinsa. Mai ruwan ƙasa amfiya 13 ne, ja amfiya 3. Amfiya 13 a wutarmu ta bolt 230 kusan wat 3000 ke nan, iyakar abin da filogi ɗaya zai ɗauka. Yanzu ka dubi abin da ake yi wa ekstenshan ɗaya a ɗakin amarya: dutsen guga, butar dafa ruwa, firij, talabijin. Butar kaɗai tana iya cin wat 2000.

Kuma fis na ƙwarai in ka fasa shi za ka ga yashi a ciki. Ba ƙazanta ba ce, shi ke kashe tartsatsin in ƙarfen ya narke. Na jabu fanko ne.

Direban Tifa:
Oga mai rediyo, ni fa shekara nawa fis ɗin gidanmu na jikin bango da waya muka naɗe shi, ba abin da ya faru. Ku masu gyara kuna son tsorata mutane.

Mai Gyaran Rediyo:
Kai ma shekara nawa kana tuƙi ba ka yi karo ba, ka cire birkin mana.

Direban Tifa:
Hahaha, a'a, wannan kuma daban.

Mai Gyaran Rediyo:
Ba daban ba ne. Irin wancan na jikin bango dama an yi shi ne a riƙa sauya masa waya, amma wayar fis, wadda ake sayarwa da lambar amfiyarta, ba ragowar 2.5 da aka tsinta a ƙasa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ku yi haƙuri in katse ku, tunda Allah ya haɗa ni da masana. Fankar ɗakina ta sama sai an tura ta da muciya take tashi, in ta tashi ma kamar mai jin barci. Wani yaro ya ce kondansa ce, zai sa mini babba don ta fi da gudu. In bari?

Mai Gyaran Rediyo:
Hajiya, rabin maganarsa gaskiya ce. Kondansa ce, wadda a makaranta suke ce wa kafasita. Ɗan baƙin akwati ne ko farin gwangwani a saman fankar. Cikinsa faranti biyu ne na siririn ƙarfe da aka raba su da leda aka naɗe, yana ɗibar wuta ya saki, ya ɗiba ya saki. Injin fanka yana da naɗin waya biyu, kondansar ce ke sa wutar ɗaya ta ɗan saɓa lokaci da ta ɗayan, wannan saɓanin ne ke ba ta turin farko. In ta yi rauni, muciyarki ce ke yin aikinta.

Amma kada ki yarda da babba. A duba lambar da ke jikin tsohuwar, yawanci 2 ne ko 2.5, a sa irinta daidai. In aka sa mai 4, za ta yi gudu kwana biyu ki ji daɗi, naɗin wayar na ciki yana ta cin wutar da ta fi ƙarfinsa. Ranar da ya ƙone, kuɗin sake naɗi ya ninka na kondansa sau da yawa. In an sa sabuwa ba ta gyaru ba, a duba boris, wataƙila ƙurar hunturu ce ta cushe shi.

Maman 'Yan Biyu:
Allah ya saka da alheri. Muciya ta huta.

Ɗan Sakandare:
Ina da tambaya ni ma. Na haɗa ƙaramin ƙwan LED da batirin babur, ya yi haske sau ɗaya ya mutu. Na sa wani, shi ma haka. Guda biyar na kashe. Ƙwayayen ne jabu?

Ɗalibar Fasaha:
Ƙanena, kai ne ka kashe su. Jan LED ƙarami kusan bolt 2 yake so, da 'yar wuta kamar miliamfiya 20, wato amfiya 0.02. Ka ɗora masa bolt 12 kai tsaye. Rizista ake sa masa a layi, ita ce ke rage gudun wutar. Ga lissafin: 12 a cire 2, saura 10. Raba 10 da 0.02, ya ba ka om 500. A kasuwa za ka samu 470 ko 560, ɗauki 560 ka huta.

Zanen launin da ke jikinta lamba ne: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyu na farko lambobi ne, na uku yawan sifilin da za ka ƙara. Kore, shuɗi, ruwan ƙasa, 560 ke nan. Kuma LED dayod ne, hanya ɗaya yake barin wuta ta bi, doguwar ƙafar ita ke zuwa wajen alamar tarawa. In ka juya shi ba zai kama ba.

Mai Gyaran Rediyo:
Yaro, ka samo matacciyar caja ka buɗe, makaranta ce guda. Za ka ga dayod huɗu, ko ɗan baƙin abu mai ƙafa huɗu da ya haɗe su, su ne ke miƙar da wutar gida mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa ta koma mai bin hanya ɗaya irin ta batir. Sai kondansa mai kama da ƙaramin gwangwani, sai tiransista, sai ɗan tiransifoma mai rawayar leda, shi ne katangar da ke tsakanin wutar gida da hannunka. Cajar banza a nan take ha'inci, shi ya sa wani lokaci waya ke ɗan jan mutum in tana caji.

Amma ka ji gargaɗi: gwangwanin nan yana riƙe sama da bolt 300, kuma yana iya riƙewa bayan an zare daga soket. Duba jikinsa za ka ga an rubuta 400. Kada ka buɗe wadda aka zare yanzu, kada kuma ka taɓa buɗe abu yana jone. In ka ga kansa ya kumbura kamar burodi, ya mutu, shi ne ciwon rabin talabijin da rediyon da ake kawo mini.

In ka fara liƙi da dalma, irin wadda muka saba da ita kashi 60 kuza ce, 40 dalma. Kuzar nan ita ce aka yi ta haƙa a Jos tun zamanin Turawa. Ka riƙa wanke hannu kafin ka ci abinci, kada ka riƙe ta da baki kamar yadda wasu yara ke yi a shago. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba zai yi wasa da ita ba.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a, ana ƙaruwa, amma mai gini na nan yana jira da naɗi uku a gabansa. A dawo kansa.

Na Maraɗi:
Kafin a dawo, abu ɗaya da ya shafe shi in zai ɗauki ma'aikaci daga wajenmu, don yaranmu da yawa suna aiki a Kano da Katsina. Launin waya ba ɗaya ba ne. A Najeriya har yanzu an fi sabawa da tsohon tsarin Ingila: ja mai wuta, baƙi na dawowa, kore na ƙasa. Mu nan tsarin Faransa muke bi: shuɗi ne na dawowa, kore da rawaya na ƙasa, mai wuta kuwa yana iya zama ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi. Kun ga baƙin da wani ya ɗauka ba ya cizo, a wurin wani shi ne macijin. Kada mutum ya yarda da launi, ya sa tasta.

Tsohon Mai Wayarin:
Gaskiya ne, ko Ingilar ma ta koma ruwan ƙasa da shuɗi, shi ya sa wayar da ke jikin sababbin kaya take zuwa haka. Kuma makunni kullum a kan mai wuta ake sa shi. In aka sa a kan na dawowa, fitila za ta mutu amma wuta na nan a bakin ƙwan tana jiran mai canzawa.

Tunda an ambaci kore, ɗana, duba takardar da yaron ya rubuta maka. Akwai koriyar waya da sandar ƙasa?

Sabon Magidanci:
Akwai, Baba. Su ne ma na fara sokewa, wani ya ce mini ado ne, wuta na kamawa ba tare da su ba.

Tsohon Mai Wayarin:
Inna lillahi. Mayar da su. Wuta na kamawa ba su, gaskiya ne, don ba aikinsu ke nan ba. Ranar da waya ta goge a cikin firij ko injin ruwa ta taɓa jikin ƙarfen, wutar tana neman hanyar zuwa ƙasa. In akwai koriyar waya ta bi ta nan. In babu, sai ta jira wanda zai taɓa da jiƙaƙƙen hannu ba takalmi, yawanci mace ce a kicin ko yaro.

Sandar a kafa ta inda ƙasa ke da danshi, don busasshiyar ƙasar rani irin tamu ba ta karɓar wuta sosai, shi ya sa muke zuba gawayi a ramin. Sannan ka ƙara abu ɗaya a akwatin bireka, wanda ake ce wa RCD, wasu su ce ELCB, mai lamba miliamfiya 30. Shi yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ya ga ta ɓace a hanya ko kaɗan ne sai ya yanke nan take. Bireka na gadin waya ne, wannan shi ke gadin mutum.

Direban Tifa:
Wannan abin da ke faɗuwa kullum da damina? Maƙwabcina cire nasa ya yi.

Tsohon Mai Wayarin:
Yana faɗuwa ne don ruwa na shiga wani wuri, wataƙila fitilar waje ko soket ɗin tsakar gida. Maƙwabcinka ya kori mai gadi don ya cika ihun ɓarawo.

Mai Sola:
Alhaji in kana da niyyar sa sola nan gaba, ka faɗa tun yanzu a bar maka bututu. Kuma a nan maganar kauri ta fi tsanani. Kayan wat 1000 a bolt 230 amfiya huɗu da 'yan kai suke ja. Wat 1000 ɗin nan daga batir mai bolt 12 ya haura amfiya 80. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri kamar yatsa, kuma gajeriya. Na sha zuwa gyara in tarar an haɗa da ragowar wayar soket, robar ta narke ta manne da bango. Birekan gida ma ba a sa shi a layin batir ko na farantin sola, akwai nasu daban, don tartsatsin wutar batir ba ya mutuwa da sauƙi.

Mai Shagon Lantarki:
Duk na ji, kuma ban ƙi ba. Amma ku ma masu aiki ku gyara. Sau nawa ake sayen ta ƙwarai a shagona, a kai wurin aiki a sauya da wata, a dawo mini da tawa a ce in saya a rage? Alhaji, shawarata, ko wacce ka saya ka tsaya a ja ta a gabanka. Ka kuma duba tsawon, wani naɗin an rubuta 100 amma yadi ne ba mita ba, yadi 100 kuwa mita 91 ne da ɗan kai.

Tsohon Mai Wayarin:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, ba ni da ta cewa.

Ɗalibar Fasaha:
Yaya, in mai aikinka yana da mitar gwaji ta hannu, ku auna om ɗin naɗin kafin ka koma kasuwa, don ka je da hujja. Bakin waya biyu na naɗin duk suna waje, ba sai an warware ba. A fara haɗa tsinken mitar biyu da juna a ga abin da suka nuna, a cire shi daga sakamakon, don ƙananan mitoci suna da nasu ɗan kuskuren.

Sabon Magidanci:
Jama'a na dawo. Na kankare da reza, fari ne tas a ciki kamar cokali. Na sa laita, ya lanƙwashe kafin in ƙirga biyar. Na kai naɗi ɗaya wurin mai sayar da shinkafa a bakin layinmu ya ɗora a sikeli, da robar da ledar da komai bai kai kilo biyu ba. Mita kam ba mu samu ba, tasa batirinta ya mutu.

Na kira mai aikin na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, gobe zai raka ni mu mayar, don ni kaɗai ba za a karɓa ba. Naɗin da na fere ne nake tunanin za a yi rigima a kansa. Na mayar da koriyar waya da sandar cikin lissafi, kicin kuma ya ce 4 zai ja masa shi kaɗai. Kuɗin tayil ɗin falo ne zai tafi a kai, uwargida ba ta sani ba tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Ka gaya mata da wuri, kuma ka fara da labarin firij ɗin nan na Baba kafin ka ambaci tayil.

Ɗan Sakandare:
Anti, na samo mai kore da shuɗi da ruwan ƙasa a cikin tsohuwar rediyon kakana. Ya kama, tun magariba yake ci bai mutu ba. Amma rizistar tana ɗan ɗumi, haka ake yi?

Ɗalibar Fasaha:
Haka ake yi, bolt goman da ta tare ne ke zama ɗumi. In dai kana iya riƙe ta da yatsa ba matsala. Kakan ya san ka buɗe masa rediyo?